Huhun Keke Zuwa Maroko

Takardar ta same ni ne a ɗakin malamai, wata Talata, ina kwance igiyar takalmi bayan na gama da 'yan aji uku. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da motsa jiki a wani kolej a Parakou, ban taɓa fita ƙasar nan da sunan aiki ba. Takardar ta ce an zaɓe ni cikin malaman da za su je sitaj, wato horo, na mako uku a Maroko, kan yadda ake koya wa 'yan makaranta tseren keke. A ƙasan shafi na biyu an rubuta cewa mai so ya zo da kekensa, wanda ba ya so kuma za a ara masa a can.

Duk wanda na nuna wa takardar, a kan wannan layin yake ɗora yatsa ya ce ai an hutar da ni. Mijina ma haka ya ce. Direban babbar mota ne, yana jigilar kaya tsakanin Kwatano da arewa, ya san abin da ake yi wa kaya da zarar mai su ya juya baya. Ya ce in tafi da akwatin tufafina kawai, in hau duk keken da aka ba ni, in dawo in tarar da nawa lafiya a jingine inda na bar shi.

Ni kuwa gajeriya ce. Wannan ba ya damuna a ko'ina sai a kan keke. Shekara biyu na yi ina zagaya masu sayar da kekunan da ake kawowa daga Turai kafin na samu wanda ya yi daidai da ni, wani shuɗi da ya fara koɗewa, mara nauyi, da alama na wata mace ne mai irin tsawona. Kafin na same shi na taɓa shiga wani tsere na yini ɗaya a Kwatano da keken aro. An sauke sirdin har ƙarshe, amma da ƙyar yatsun ƙafata suke kai wa feda. Gwiwata ta kumbura tun kafin a yi rabin tafiya, na ƙarasa ina tura keken da hannu mutane suna kallona. Mako biyu na yi ina koyarwa daga kan kujera da usur a baki. Tun daga ranar na yarda kayan aro ba ya rufe katara. An kuma ce mana a Maroko akwai hawan duwatsu. Na gaya wa mijina da kekena zan tafi. Ya dai ɗaga kafaɗa.

Saura mako biyar a tashi na je ajans ɗin da za su ba mu tikiti. Matar da ke zaune a teburin ta karanto mini ƙa'idojin ɗaya bayan ɗaya. Dole keken ya kasance a rufe cikin wani abu, a cire feda, a juya kan keken, a sace iskar tayoyi, kuma duka da abin da aka sa shi ciki kada ya wuce kilo ashirin da uku. Ta ƙara da cewa idan ɗaurin bai yi kyau ba aka samu ɓarna, ba wanda zan kama. Daga nan ta juyo mini da wayarta ta nuna mini hotuna. Akwai akwati mai tauri na roba, da ƙananan tayoyi a ƙasa, wanda masu tsere na gaske suke amfani da shi. Akwai jaka mai laushi da aka cusa wa soso. Sai kuma kwali, irin wanda sababbin kekuna suke zuwa a ciki.

Akwatin robar na so, ba zan ɓoye ba. Na daɗe ina kallon hotonsa. Amma babu shi a Parakou, babu shi a Kwatano, sai an aiko daga waje, kuma ko na sayar da abin da zan sayar na saya, sai bayan jirginmu ya tashi zai iso. Jakar kuma na ji labarin wani a Kwatano yana da ita. Na kira shi, ya ce ya ara wa wani tun bara ba a dawo masa da ita ba. Ya kuma ce ko tana nan ba zai ba ni shawarar in sa kekena ciki ba, don laushinta ya sa an taɓa lanƙwasa masa ƙafar baya.

Sai na ce to, abin da ba a sayarwa a gari ai ana iya ƙera shi. Na je wurin wani kafinta a unguwarmu, Banikanni, wanda ya yi mana ƙofofin gida. Ya auna keken, ya yi alkawarin akwatin da ko giwa ta taka ba zai fashe ba. Ya kuwa cika alkawari. Kwana huɗu ya kawo shi, na katako mai kauri, da patta uku da ke riƙe murfin da wurin sa kwaɗo. Mutum biyu ne suka sauke shi daga amalanke. Tun daga yadda suke nishi na san akwai magana. Na kai shi unguwar Titirou wurin wani mai sayen kanju da ke da babban sikeli, muka ɗora shi babu komai a ciki. Kilo goma sha tara. Kekena kuwa goma ne. Kafintan ya ce zai iya fere katakon, na ce idan ya fere har ya kai nauyin da nake so, faifai zai zama. Akwatin yana nan har yau a tsakar gidanmu, masara muke zubawa ciki, ɓera bai taɓa shiga ba.

Ya rage kwali. Wani mai sayar da kekuna a babbar kasuwa ya ba ni guda, ya ce kyauta ne tunda kekuna nake koya wa yara, su ne masu sayensa na gobe. Na kwance keken a tsakar gida da yamma, na cire ƙafar gaba da feda, na juya kan, na zura shi ciki. Na cusa tsofaffin zannuwa nan da can, na naɗe kwalin da salatif har ya yi ƙyalli. Da na ɗaga shi na ji ba nauyi, raina ya yi fari.

Asabar ɗin nan dama zan je Djougou in gaya wa dangi maganar tafiya. Sai na ce bari in tafi da kwalin, in ga yadda zai yi a hanya, tunda sai an gwada akan san na ƙwarai. A tasha aka ɗora shi a saman mota. Na roƙi mai lodin kada ya sa komai a kansa, ya ce to. Da muka tsaya a wani ƙauye aka ɗauki wata mata da buhun doya biyu, ina ji aka jefa su sama. Damina ta riga ta sauka, muna cikin tafiya ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Tamfol ɗin motar bai kai ga kwalina ba. Da muka isa Djougou aka miƙo mini shi, hannuna ya nutse a ciki kamar na taɓa tuwon da ya kwana.

Gidanmu na gado yana bayan kasuwa, kuma wadda ke riƙe da shi yanzu ita ce gwaggona, yayar mahaifina. Goro take sayarwa tun kafin a haife ni, kamar yadda ubanta da kakanta suka yi. Idanunta sun yi rauni, amma hannunta ba ya kuskure, tana taɓa goro za ta gaya maka kwana nawa ya yi a hanya. Ba ta taɓa son hawan kekena ba. Ta sha faɗa mini cewa mace mai 'ya'ya uku ba ta da abin nema a kan titi da wando da hular kwano. Shi ya sa na so in shige da kwalin ɗaki ba tare da ta lura ba. Amma tana zaune a kan tabarma a bakin zaure, ta ji ƙarar abin da nake ja, ta tambayi mene ne.

A gabanta na buɗe. Waya biyu na ƙafar baya sun tsinke. Ƙarfen da ke canza giya, wanda ya ɗan fito waje a gefen dama, ya lanƙwashe ya shige cikin wayoyin. Fenti ya kankare a wuri uku inda feda ta yi ta yawo tana dukan jikin keken, don a cikin leda na sa ta na jefa kawai. Na zauna a ƙasa kusa da kwalin. Tafiyar awa uku ce ta yi wannan, kuma ina cikin motar. Na fara tunanin jirgi, inda ba zan ga ma wanda ya ɗauki kayan ba.

Na zaci gwaggo za ta ce Allah ne ya nuna mini in haƙura. Sai ta ce in matso da kwalin. Ta zura hannu ciki tana lalube, ta taɓa zannuwan, ta kama keken ta girgiza shi, ya yi ƙwaram-ƙwaram. Ta tambayi wanda ya ɗaure. Na ce ni ce.

Ta ce, "Jikar fatake, ki ɗaure kaya haka? Kada ki gaya wa kowa a garin nan."

Ta sa aka ɗauko mata wani huhun goro da ba a kwance ba, wato ɗaurin goro da ake yi da ganye da buhu da igiya. Ta ce in girgiza shi. Na girgiza, ban ji motsin komai ba, kamar dutse na riƙe. Ta ce goro ya fi kekena rashin jure wahala, ɗan ƙwarzane kaɗan ya isa ya baƙanta shi, amma kakanninmu sun yi watanni da shi a bayan jaki ya isa lafiya. Ta ce yawancin ɓarna ba daga waje take zuwa ba, kaya ne suke cin junansu idan an bar musu sarari. Ganye a ciki ya hana su taɓa juna, buhu ya matse su, igiya ta riƙe duka, sannan a nemi abin da zai kare ruwa. Ni kuwa na sa abu mai tsini da abu mai laushi wuri ɗaya, na bar su suna rawa, na lulluɓe da takarda.

Da la'asar na kai keken wurin mai gyara. Ya sa sababbin wayoyi, ya miƙe ɗan ƙarfen da giyar take rataye a jiki, a hankali, yana cije leɓe. Ya gargaɗe ni cewa irin wannan ƙarfen sau ɗaya yake yarda a miƙe shi, idan ya sake lanƙwashewa karyewa zai yi, kuma ba zan samu irinsa a nan kusa ba. Ya nuna mini yadda zan kwance giyar gaba ɗaya da ƙusa ɗaya, in naɗe ta, in ɗaure ta a tsakiyar keken inda ba abin da zai kai gare ta. Ya kuma nuna mini ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba, mai baki biyu kamar gwafa, ya ce idan an cire ƙafar sai a sa wani abu a tsakani, in ba haka ba nauyi zai matse bakin biyu su haɗe.

Gwaggo ce ta tura ni wurin wani dattijo mutumin Nijar da ke ɗinka tamfol na manyan motoci da kujerun babur a kusa da tasha. Shi yake ɗinka mata rufin kayanta. Na same shi a ƙarƙashin rumfa da wani tsohon keken ɗinki mai ƙafa, ga tamfol tsibi-tsibi a gefensa. Shi bash yake ce wa tamfol. Na yi masa bayani, na nuna masa hoton jakar nan da matar ajans ta turo mini a waya. Ya duba ya miƙo mini, ya ce shi bai taɓa ɗinka wa jirgin sama komai ba, kuma ba ya son aikin da idan ya lalace a wata ƙasa za a riƙa ambaton sunansa. Na ce ba zan ambaci kowa ba, ni na zaɓa. Ya ce yana da motoci uku a gabansa. Na ce zan jira. Na zauna a kan benci har ya gama ɗinka gefe guda na wani tamfol, ya yi sallah, ya dawo ya same ni inda ya bar ni.

Ya ce, "Madam, ba za ki tafi ba ke nan."

Na ce, "Sai da awo, Baba."

Ya yi dariya ya ɗauko tef ɗinsa. A nan muka tsara abin, shi yana zane da alli a kan siminti, ni ina tsugune. Kwali zai zauna a ciki, amma biyu, ɗaya cikin ɗaya. A waje zai ɗinka masa riga ta tamfol mara nauyi, da hannaye huɗu na ɗauka, don ya ce kayan da ba su da wurin kamawa su ake ja a ƙasa, su ake wurgarwa. Tsakanin kwali da tamfol za a sa sirarar katifa ta soso irin ta kujerar babur. Abin da ya rage shi ne yadda za a hana nauyi danne kwalin daga gefe, kamar yadda doya ta yi. Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya tashi ya shiga shagon maƙwabcinsa mai kayan famfo, ya fito da guntun bututun roba. Ya tsayar da shi a ƙasa ya taka da ƙafa ɗaya, ya hau da dukan nauyinsa, bututun bai motsa ba. Ya ce a yanka guda shida daidai faɗin kwalin, a kafa su a kwance daga bango zuwa bango ta cikin ramukan keken, su zama ginshiƙai.

Mun yi saɓani a kan baki. Shi zif yake so ya sa, dogo, ya ce ya fi kyau a ido kuma ya fi sauƙin buɗewa. Da na gaya wa gwaggo ta ce zif idan ya fashe a hanya ya gama, igiya kuwa idan ta tsinke ƙulla ta ake yi. Na koma na ce masa ramuka nake so da igiya, kamar na takalmi. Ya ce wannan maganar ba tawa ba ce, ya san mai ita. Amma ya sa ramukan, ya dafe kowanne da zoben ƙarfe.

Asabar uku a jere ina zuwa Djougou. Ranar Juma'a in tashi daga makaranta in wuce tasha, Lahadi in dawo da ciwon baya da takardun yara da ban duba ba. A mako na biyu mijina ya dawo daga tafiya ya tarar ba na gida, yaran suna wurin ƙanwarsa. Da na dawo ya yi magana, ba da faɗa ba, amma na san ransa ya ɓaci. Ya ce na mayar da keke kamar jariri, mutane za su je su koyi aiki ni ina fama da kwali, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na ce masa na ji, kuma gaskiya ne na bar gida da yawa. Amma ban nemi wannan tafiyar don in je in zauna a gefen hanya ina kallon wasu suna hawan dutse ba. Na ce saura Asabar ɗaya, ya ƙara mini haƙuri. Ya juya ya ci gaba da cin abincinsa.

A Asabar ta ƙarshe rigar tamfol ɗin ta kammalu. Koriya ce, da faci baƙi a kusurwa huɗu. A tsakar gida muka yi ɗaurin, gwaggo tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana ba da umarni. Na naɗe kowane ƙarfe na keken da soso. Na sa guntun katakon da kafinta ya yanka mini a bakin gwafar gaba. Giya na kwance ta na ɗaure a tsakiya. Feda na naɗe su cikin safa na ɗaure a jikin bututu. Ƙafar gaba ta kwanta a gefen keken da kwali a tsakaninsu. Duk abin da na sa sai gwaggo ta zura hannu ta ja shi, idan ya motsa ta ce a sake. Sau uku muka fitar da komai. Da muka ja igiya muka ƙulle, ta sa na ɗaga na girgiza kusa da kunnenta. Ta saurara, ta ce yanzu ya zama huhu. Daga ranar kowa a gidan huhun keke yake ce masa.

Washegari na nemi mai babur mai ƙafa uku da ke kai kaya ƙauyen Kolokondé, na ce ya ɗora huhun tare da sauran kayansa, kada ya tausaya masa. Ya sa buhun taki biyu a kai. Na zauna a gefensa muka bar kwalta muka shiga hanyar gonaki, wadda ruwa ya zaizaye ta ta zama ramuka. Haƙorana suna haɗuwa, ni kuwa kunnena yana baya. Yayyafi ya same mu a dawowa. Da na kwance a gida kwalin a bushe yake, keken ko ƙwarzane babu.

Na koma Parakou da murna na gaya wa mijina. Ya zagaya huhun, ya ɗaga shi ta hannu ɗaya, ya ajiye. Ya ce girgiza daban, jifa daban. Ya ce idan har da shi zan tafi, to in bari ya yi masa irin abin da masu lodi za su yi, gara ya karye a nan inda akwai mai gyara. Ya tambaya ko in cire keken a gwada da wasu ƙarafa. Na tuna gargaɗin mai gyaran Djougou. Sannan na ce a'a, da keken a ciki, in ba haka ba ba mu gwada komai ba.

Motarsa tana fake a wani fili kusa da gida. Ya hau baya, na miƙa masa huhun, ya riƙe shi a bakin motar. Ya dube ni, na gyaɗa kai, ya sake shi. Ya faɗi ƙasa da ƙara. Ya sauko ya sake ɗaukarsa, wannan karon ya wurga shi ta gefe ya faɗi a kwance. Muka kwance igiya tare. Keken lafiya lau. Amma tsinin ƙarfen tsakiyar ƙafar baya ya huda kwali biyun, ya ci soso, saura kaɗan ya fito ta tamfol. Mijina ya sa yatsa a ramin, ya ce da an ƙara jifa ɗaya da a kan wannan tsinin zai sauka. Ya shiga gida ya fito da tsofaffin silifansa, ya yanke gindinsu da wuƙa, ya ɗaure ɗaya a kowane tsini da waya. Muka liƙe ramin da sabon kwali. Shi ya rubuta sunana da lambar wayata a jikin tamfol da farin fenti, manya-manya, gefe biyu, kamar yadda ake yi wa mota.

Ranar tafiya shi ya kai ni tasha, ya tsaya a kan mai lodin bas har aka tsayar da huhun a tsaye a jikin bango. A filin jirgi na Kwatano mutane suna ta kallona, wata mata ta tambaye ni ko talabijin ce. Da aka ɗora a sikeli ya wuce da kilo ɗaya da ɗan abu, don na cusa takalman keke da famfon iska da jakar sifanu a ciki bayan awon ƙarshe. Ma'aikaciyar ta ce ko in rage ko a mayar da shi wani lissafi daban in biya ƙari. Na ja huhun gefe, na kwance igiya, na zaro takalman da jakar sifanun na tura su a jakar hannuna. Ban gama ƙullewa ba wani jami'i ya zo ya ce yana son ganin ciki. Na sake kwancewa. Ya haska fitila, ya taɓa bututun, ya tambayi amfaninsu, na gaya masa. Ya ga gindin silifa ya yi murmushi. Na zauna a ƙasa a gaban layi na bi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya, ina jan igiya da ƙarfi, gumi yana zuba, ban yi sauri don kowa ba. Wani ma'aikaci ya kama hannaye biyu na tamfol, abokinsa ya kama biyu, suka shige da shi ta wata ƙofa.

A wurin binciken jakar hannu aka fito da sifanuna. Jami'ar ta ce ƙarfe irin wannan ba ya shiga cikin jirgi tare da fasinja. Na yi bayani, ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ta fahimta amma ƙa'ida ce. Huhun ya riga ya tafi, ba halin mayar da su. Na bar su a kan teburinta na wuce.

A Maroko kayan kowa suka fito a kan bel, nawa shiru. Na tsaya har bel ɗin ya daina juyawa. Wani mai shara ya ga yadda nake waige-waige, ya nuna mini wata ƙofa a can ƙarshe inda ake fito da manyan kaya. A can na same shi a jingine. Kusurwa ɗaya ta goge har soso ya leƙo, ga sawun takalmi a gefe, ga baƙin mai a kan sunana. Ban buɗe a nan ba. Na ɗora shi a kan amalanken filin jirgi na bi sauran malamai zuwa motar da ta zo ɗaukarmu.

Sai da muka isa masauki, a wani gari a gindin duwatsu, na ja shi tsakar gidan na kwance. Bututu ɗaya ya tsage daga tsakiya, wato wani abu mai nauyi ƙwarai ya zauna a kai. Na fito da keken na cire soso ɗaya bayan ɗaya. Na juya ƙafar baya, ta juya sumul ba ta karkata ba. Ɗan ƙarfen giyar yana miƙe.

Sannan na tuna ba ni da abin ɗaure ko ƙusa ɗaya. A ɗaya gefen tsakar gidan akwai wata doguwar mata, malama daga Senegal, tana fito da kekenta daga cikin akwatin roba mai tauri, irin na hoton nan sak. Na je na gaishe ta da Faransanci, na ce ina neman aron sifana. Ta miƙo mini jakar kayan aikinta gaba ɗaya, ta biyo ni don ta ga abin da na zo da shi. Ta tsuguna ta daɗe tana duba tamfol ɗin da igiyar, ta ɗaga tsagaggen bututun ta juya shi. Ta ce nata akwatin na ƙungiyarsu ne, su shida suke karɓa-karɓa, sau da yawa idan tafiya ta zo ba ya hannunta. Ta ɗauki hoton nawa ciki da waje, ta tambayi tsawon bututun, na auna mata da tafin hannu.

Ita ta riƙe mini keken na mayar da giya, na ɗaura feda, na miƙe kan. Na buga iska, na hau na zagaya tsakar gidan sau biyu. Burkin gaba yana ɗan taɓa ƙafar, na sauka na daidaita shi. Ana cikin haka aka leƙo aka ce abinci ya sauka, kuma gobe ƙarfe bakwai za a fita, kowa ya zo da rigar sanyi don a saman dutsen akwai iska. Ba ni da rigar sanyi. Malamar ta ce tana da biyu, amma za ta kai mini har gwiwa. Na ce zan naɗe ta, muka jingine kekunan muka shiga ciki.